Allo da Rumbu: Tarihin Taimakon Juna Wajen Karatun Yara da Renon Iyali a Ƙasar Kankiya da Kusada

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda jama'ar Kankiya da Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, suka riƙa haɗa hannu wajen koya wa ƙananan yara karatu da kula da gidajen da yaran suke tashi a ciki, tun daga zamanin Daular Sakkwato zuwa yau. Ta fara da hukunce-hukuncen Malikiyya da suka shafi ciyarwa da reno da koyarwa, sa'an nan ta duba makarantar allo da waɗanda suka ɗauki nauyinta, da canje-canjen da mulkin Turawa da fari da ƙaura zuwa birane suka kawo, da kuma yunƙurin da aka yi daga baya. Abin da binciken ya nuna shi ne, karatun yaro a wannan ƙasa ya dogara ne a kan rumbun gidansu da tukunyar unguwarsu. Duk lokacin da waɗannan biyu suka yi ƙarfi karatu ya kan tsaya, in suka yi rauni kuma allo ya kan koma ƙoƙon bara.

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar ilimi a ƙasar Katsina, hankali ya fi karkata ga birni: hasumiyar Gobarau, da zuwan Shaihu Muhammadu bn Abdulkarim al-Maghili a ƙarshen ƙarni na 15, da waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17, da Muhammadu al-Kashinawi wanda ya rasu a Alƙahira a ƙarni na 18. Babu shakka waɗannan su ne fitilun ƙasar. Amma kowane ɗaya daga cikinsu ya taɓa zama yaro riƙe da allo, akwai kuma wadda ta dafa abincin da ya ci kafin ya je gaban malam, da wanda ya nome hatsin da aka dafa. Tarihin waɗannan mutane bai cika shiga littattafai ba, alhali kuwa a kansu aka kafa ginin gaba ɗaya. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna gaskiyar wannan magana a fagen ilimi, ta hanyar duba karkara, inda dangantakar abinci da karatu ta fi fitowa fili.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Kankiya da Kusada gundumomi ne na Masarautar Katsina, suna kan babbar hanyar da ta haɗa Katsina da Kano, Kusada kuma tana maƙwabtaka da ƙasar Kano. Wannan hanya tsohuwa ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta a farkon shekarar 1851 lokacin da ya taso daga Katsina zuwa Kano, ya ratsa ta Kusada, ya bayyana ta a matsayin gari mai ganuwa a cikin ƙasa mai gonaki da itatuwa da zirga-zirgar fatake. Ƙasar da fatake suke bi kuwa, malamai da almajirai da littattafai ma ita suke bi. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa da ke maƙwabtaka da Kankiya, ya nuna a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 cewa garuruwan karkara, da malaman da ke cikinsu, sun taka rawa babba a jihadin da ya kawo Malam Ummarun Dallaje kan sarauta wajen 1807.

A tsarin mulki na zamani, Kankiya na cikin ƙananan hukumomi bakwai da aka kafa Jihar Katsina da su a 1987. An yi ta ƙari har suka kai 34 a 1996, Kusada na cikinsu. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum kimanin 150,000, Kusada kuma kusan 100,000. Mafi yawansu Hausawa ne da Fulani manoma da makiyaya, masu noman gero da dawa da wake da gyaɗa, suna zaune a garuruwa irin su Rimaye da Kafin Soli da Yashe da Mawashi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Damina ɗaya ce a shekara, ta wata huɗu zuwa biyar, kuma abin da aka samu a cikinta shi ne ke riƙe gida har wata ta zagayo.

3.0 Tushen Al'amarin a Fiƙihun Malikiyya

Taimakon juna a kan yara al'ada ce, amma al'adar tana da ginshiƙi a shari'a, kuma malaman wannan ƙasa sun san ginshiƙin daga littattafan da suke karantarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira (996 Miladiyya), an rubuta ta ne bisa roƙon wani malamin yara, Muhriz bn Khalaf, domin a koya wa ƙanana asasin aƙida da hukunci kamar yadda ake koya musu haruffan Alƙur'ani. Ke nan littafin da manya suke zama a zaure suna ɗauka, asalinsa littafin yara ne.

A cikin Risala da Mukhtasar na Khalil an shimfiɗa haƙƙoƙi uku. Na farko shayarwa, wadda Alƙur'ani ya ƙayyade cikarta da shekara biyu a Suratul Baƙara. Na biyu nafaƙa, wato ci da sha da tufafi da wurin kwana, wadda ke kan uba ga ɗa namiji har ya balaga yana mai iya neman na kansa, ga 'ya mace kuma har mijinta ya tare da ita. Na uku haɗana, wato reno, wadda mazhabar ta fifita uwa a kanta ko da aure ya mutu, bayanta sai kaka ta wajen uwa, sai innar yaro 'yar'uwar uwarsa, kafin a koma ɓangaren uba. Wa'adin renon ɗa namiji balaga ne, na 'ya mace kuma tarewa.

Game da koyarwa, Muhammadu bn Sahnun, wanda ya rasu a 256 (870), ya rubuta Adabul Mu'allimin, inda ya halatta wa malami karɓar lada bisa ra'ayin Imamu Malik, ya yi maganar kyautar da ake ba shi idan yaro ya sauke, ya wajabta masa adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya kuma taƙaita horo da bulala uku, ba a ƙarawa sai da izinin uba, ba a kuma wuce goma. Abul Hasan al-Ƙabisi, wanda ya rasu a 403 (1012), ya ƙara da cewa koya wa yaro Alƙur'ani nauyi ne a kan uba, idan ya gaza kuma nauyin ba ya faɗuwa, yana komawa ne kan dangi da baitulmali da jama'ar Musulmi. A nan ne maganar Bahaushe cewa ɗa na kowa ne ta haɗu da abin da fuƙaha'u suke kira farali na kifaya.

4.0 Makarantar Allo da Masu Ɗaukar Nauyinta

4.1 Matakan karatun farko

A garuruwan tsakiyar Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, akan kai yaro makaranta tun yana shekara huɗu ko biyar, sau da yawa a bayan yayansa ko yayarsa. Zai fara da biyawa da ka: Fatiha, sai Nasi da Falaƙi da Ƙulhuwa, har zuwa wajen Suratul Fili. Daga nan sai a rubuta masa babbaƙu, wato haruffa ba tare da wasali ba, ya riƙa nuna su da yatsa yana kiran sunayensu. Sunayen kuwa malamai sun mayar da su Hausa, suna siffanta kowane harafi da kamanninsa a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe: lam ara, mim jaye, ha kuri, sin kodo, kaulasan. In ya gane babbaƙu sai a shiga farfaru, inda zai haɗa harafi da wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Bayan haka ne zai fara karanta allonsa da kansa, daga bisani ya fara rubutawa, duk a ruwayar Warshu da rubutun da ya samo asali daga Magrib. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 (1406), ya siffanta wannan hanya ta mutanen Magrib, ta keɓe yaro ga Alƙur'ani kaɗai a farko, ya bambanta ta da ta mutanen Andalus masu haɗawa da waƙa da nahawu.

Akwai abin lura a nan. Yaron da ya ƙware a babbaƙu da farfaru ya mallaki mabuɗin ajami. Da shi zai iya rubuta wasiƙa da Hausa, ya rubuta bashi da awon hatsi, ya karanta waƙoƙin wa'azi. Saboda haka makarantar allo ta kasance makarantar koyon karatu da rubutu ta gama-gari, ko da mafi yawan yaranta ba su kai ga sauka ba, balle su shiga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya.

4.2 Abin da ya ciyar da makaranta

Makarantar ba ta da kasafi daga fada, kuma kayan aikinta daga ƙasar suke fitowa: allo daga itacen aduwa, alƙalami daga gamba ko kara, tawada daga gawayi da ƙaro, fitilar dare kuma wutar karan da yara suka ɗebo. Abin da yake buƙatar tanadi shi ne abincin malam da na almajiransa, kuma unguwa ta tsara masa hanyoyi da dama.

Akwai gona, wadda mai gari ko wani mai hali kan ba malam, almajirai manya su nome ta, wani lokaci matasan gari su yi mata gayya. Akwai zakkar hatsi. Shari'a ta sa nisabi ausuƙi biyar, wato sa'i 300, a fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, manomi kuwa ya sauƙaƙa wa kansa lissafi da dami ɗaya cikin goma, kuma malamin unguwa da almajiransa na cikin waɗanda ake fara tunawa. Akwai kuɗin Laraba da kowane yaro kan kawo kafin hutun Alhamis da Juma'a. Akwai zakkar fidda kai da fatun layya. Akwai sadakar da iyaye kan yi in yaro ya kai Sabbi ko Amma ko Tabara ko Yasin, sai kuma babbar walimar sauka, inda ake yanka, a yi wa malam riga da rawani, yaro ya zaga dangi da allon zayyana.

Shekara ma an raba ta gwargwadon noma. Da damina karatu kan yi sauƙi, domin hannu na gona. Bayan kaka ne malamai masu tafiya kan ɗebi almajirai su tafi ci-rani, su yada zango a gefen garin da aka yi amfani mai kyau, wasu su nausa gabas zuwa Borno domin gyaran tilawa, su dawo da faɗuwar ruwa. Almajiran kaɗan ne in an gwada da yawan gidajen garin, rumbuna kuma a cike suke, don haka ciyar da su bai zama nauyi ba.

4.3 Matsayin mata

Duk abin da aka lissafa a sama sai ya biyo ta hannun mace kafin ya zama abinci. Ita ke sussuka da surfe da daka, ita ke ware ƙwaryar almajiri a cikin tuwon dare. Almajirin da ya zo daga nesa kan samu uwar ɗaki, ya yi mata aike da ɗebo ruwa, ita kuma ta ciyar da shi, ta ba shi sabulu da tsohuwar riga, ta lura da shi in ya kwanta ciwo. Matan malamai da yawa sun koyar da 'yan mata da matan aure a cikin gida. Wannan yana da tushe a koyarwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi suka mai tsanani a Nurul Albab ga malaman da ke koyar da baƙi su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta mayar da wannan koyarwa tsari a ƙarƙashin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu cikin waƙa su kai wa matan ƙauyuka.

Kafin yaro ya kai ga allo ma, mata sun riga sun kewaye shi da tsarin kariya. Mai cikin fari kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Ungozoma ce ke karɓar haihuwa. Kwana arba'in na jego, dangi ke ɗauke wa mai jego aiki, ana ciyar da ita abinci na musamman. Gudummawar biki da adashi su ne asusun da mata suka kafa wa kansu, kuma daga nan kuɗin magani da na Laraba kan fito in hannun maigida ya yi sanyi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna yadda matan kulle ke gudanar da ciniki mai yawa na hatsi da abinci daga cikin gidajensu ta hannun yara. Sai kuma tatsuniya da kacici-kacici da karin magana na bakin kaka da dare, waɗanda ke buɗe harshen yaro da kaifafa haddarsa tun kafin ya ga harafi.

Adalci ne a ambata cewa al'adar ba ta kuɓuta daga aibi ba. Yawan sakin aure, da ƙwace yaro daga hannun uwa da zarar an yaye shi, sun saɓa wa hukuncin haɗana da aka ambata. Wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa, likitoci a Zariya sun danganta su da ciwon zuciya na bayan haihuwa. Horon wasu malamai ma ya kan wuce iyakar da Ibn Sahnun ya gindaya.

5.0 Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, aka naɗa Muhammadu Dikko sarki a 1906. A ƙiyasin da aka yi zamanin Lugga, wajen 1914, akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa da ɗalibai sama da 200,000. Turawa ba su rufe su ba, amma sun canza ƙasar da suke tsaye a kanta ta fuska uku.

Ta farko haraji. An haɗe zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da ake karɓa a da, aka mayar da su haraji guda da ake biya da kuɗin Turawa. Masu tsoron Allah sun ci gaba da fitar da zakkarsu, amma sai bayan sun sayar da hatsi sun sallami mai karɓar haraji. Ta biyu gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gonaki da yawa sun koma noman sayarwa, abin da ke shiga rumbu ya ragu, yunwar 1914 kuma ta nuna irin hatsarin da ke cikin haka. Ta uku boko. An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, da makarantar 'yan mata a Katsina wajen 1930, sa'an nan elementare a gundumomi. Baitulmalin En'e ya ɗauki nauyin waɗannan, makarantar allo kuwa aka bar ta ga jama'a. Da aikin hukuma ya koma hannun masu boko, sai aka wayi gari mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan rauni yana cikin dalilan da suka sa iyaye a karkara suka daɗe suna ɓoye 'ya'yansu in dagaci ya zo ɗiban yara.

6.0 Daga Yaƙi da Jahilci zuwa Islamiyya

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda ɗan Katsina, Malam Ahmadu Kumasi, yana cikin jagororinsa. An buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai da boko da ajami kan tsafta da noma da kiwon yara, Lardin Katsina kuma ya samu jaridarsa mai suna Himma. Shirin na manya ne, amma amfaninsa ya gangaro kan yara, domin uban da ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ya rage tsoron kai ɗansa aji.

A 1976 aka fara shirin firamare kyauta ga kowa, a shekarar da Kankiya ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Makarantu sun yaɗu zuwa ƙauyuka, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ce a koyar da yaro da harshensa a azuzuwan farko. Sai dai an ɗebi malamai cikin gaggawa, kuma jama'a sun ɗauki makarantar a matsayin kayan gwamnati, wadda ba ruwansu da rufinta ko allonta. A daidai wannan lokaci ne farin 1973 zuwa 1974 ya girgiza karkara, tsarin gandu ya fara warwarewa, gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado da yawan jama'a, matsin tattalin arziki da ya biyo bayan 1986 ya ƙara tsananta lamarin. Ci-rani ya juya akalarsa daga ƙauye mai rumbu zuwa birni mai kasuwa da tasha. Yaran da ake turawa suka ƙaru, shekarunsu suka ragu, da yawa ba sa dawowa noma, uwayen ɗaki kuma ba su isa kowa ya samu ba. Abin da a da yake neman ilimi tare da ciyarwa, sai ya zama hanyar rage baki a gida, wanda kuwa sauke nafaƙa ne ba da hujja ba.

Amsar da jama'a suka bayar da kansu ita ce Islamiyya. Ta fara bayyana a Kano da Zariya a shekarun 1950, ta bazu sosai daga ƙarshen shekarun 1970, a hannun ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. Wani ya ba da fili, 'yan kasuwa su sayi kwano, matasa su yi aikin gayya, iyaye su biya kuɗin wata kaɗan. Falalarta biyu ce: yaro yana karatu yana kwana a ɗakin uwarsa, kuma 'yan mata da matan aure sun samu aji, har suka zama su ne mafi yawa a makarantu da dama. Uwar da ta iya karatu kuwa ita ce malamar farko ta ɗanta. Irin wannan haɗin gwiwar jama'a ne, a mataki mafi girma, ya haifar da Jami'ar Al-Ƙalam a Katsina a 2005.

7.0 Yunƙurin Wannan Zamani

Bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, hukumomi sun fahimci cewa makarantar da jama'a ba su ɗauke ta tasu ba ba ta tsayawa. Aka kafa kwamitocin kula da makarantu, masu haɗa mai unguwa da liman da iyaye da malamai. A ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda Katsina na cikin jihohinsa, an kafa ƙungiyoyin iyaye mata masu bin gida-gida suna neman yaran da suka daina zuwa aji, an kuma tallafa wa 'yan matan karkara su yi karatun malanta su koma koyarwa a garuruwansu.

Gwajin karatun Hausa da aka yi a 2014 a jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina ya nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Daga 2015 aka fara shirin RANA a Katsina da Zamfara, domin koyar da karatun Hausa da lissafi a azuzuwa uku na farko da makarantun allo da aka haɗa da boko. Hanyarsa ita ce a fara da sautin harafi, a haɗa baƙi da wasali, a gina gaɓa, sa'an nan kalma. Duk wanda ya zauna gaban alaramma zai gane cewa wannan tsari ɗan'uwan babbaƙu da farfaru ne.

Amma matsalar rumbu tana nan, har ta ƙaru. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, yaran suka koma gidajen da talauci ya fitar da su daga ciki. A Disambar shekarar aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, rashin tsaro kuma ya yi ta matsowa daga yammacin jihar zuwa tsakiyarta, ya hana noma a wasu wurare, ya cika garuruwan kan hanya da zawarawa da marayu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a wata shida na farkon 2025. Likitoci sun tabbatar da cewa ƙarancin abinci mai gina jiki daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu yana tauye girman jiki da na ƙwaƙwalwa, kuma gyara shi daga baya yana da wuya. Wannan wa'adi kusan shi ne wa'adin ciki da shayarwa da shari'a ta kewaye da haƙƙoƙi.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa kakannin mutanen Kankiya da Kusada ba su raba karatun yaro da cikinsa ba, ba su kuma raba yaro da uwarsa a lissafi ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, da hukumar tarayya ta kula da almajirai da aka kafa a 2023, za su iya taimakawa, amma aikin yau da kullum na unguwa ne, kuma malamai ne ke da bakin da unguwa ke saurare.

Abubuwa huɗu suna hannunsu. Na ɗaya, su karantar da babin nafaƙa da na haɗana a masallatai da irin himmar da suke karantar da babin tsarki, har uba ya san cewa tura ɗan shekara shida wani gari ba guzuri zalunci ne, ƙwace yaro daga uwarsa kuma saɓa wa mazhaba ne. Na biyu, a tsara tara zakkar hatsi da kaka a matakin gari, a yi mata rumbu da littafin lissafi, a fifita gidajen marayu da masu shayarwa da almajiran da suka cancanta. Na uku, a raya waƙafi, ko da gona ɗaya ce ko shago ɗaya ga kowace makaranta, domin malamin yara ya samu abin dogaro. Na huɗu, a ƙarfafa azuzuwan mata, a haɗa musu Alƙur'ani da karatun Hausa na ajami da boko da ilimin abincin yara daga abin da gona ke bayarwa, irin su gero da wake da gyaɗa da zogale. Ga ɗaliban ilimi kuma akwai aikin da ke jiransu, na tattara tarihin tsangayu da gidajen malamai na waɗannan gundumomi daga bakin dattawa maza da mata tun suna raye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an ba shi ruwa yake zama ɗanye. Allah Shi ne Mafi sani, kuma Shi ne Mai datarwa.